Baba Audu Ya Daidaita Sandunan Golf Ɗin Surukina

Ina shigowa zaure na tarar da Baba Audu maƙeri riƙe da zarto, ga guntayen ƙarfe zube a gabansa.

Sandunan buga ƙwallon golf ne na surukina, guda takwas, da na ba shi ya gyara. Daga Kano ya aiko su Ƙaraye da sababbin ƙotoci, don na cika masa baki cewa maƙerinmu zai sauya su a gida. Asabar zai shiga gasa da su.

Na ce, "Baba, me kuka yanke?"

Ya jera su jikin bango, duk kansu ɗaya. Ya ce, "Ɗana, wanda ya yi ƙotocin nan ba shi da ido. Wata doguwa, wata gajera. Na daidaita maka su tsaf."

Jama'a, da gangan ake bambanta tsayinsu, kowace da nisan da take kai ƙwallo! Amma dattijon da ya tsufa yana sa wa fartanya ƙota, ta ina zan ce masa ya yi ɓarna?

Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Surukina ya kira sau uku, ban ɗaga ba. Ku da kuka iya magana da surukai, don Allah da wace kalma zan fara?