Mutumin da Ya Biyo Ruwan Jemima Har Gida

Kafin bakwai na safe Malam Kamaruddeen ya jingine tsohon babur ɗinsa a bayan sashen injiniyanci na jami'a, a Kano. Shi ne yake buɗe ɗakin gwajin ruwa. Da tagogi yake farawa, sannan ya duba firij ɗin da ɗalibai ke ajiye ruwan da suka kawo, ya ga ko an ɗauke wuta ya huce. Sai ya sa farar rigarsa, ya tsaya gaban famfo yana wanke kwalabe, kowace sau uku, yana ɗaga ta ya kalle ta a haske. Bayan nan ya gwada na'urorin awo da ruwan da ya riga ya san sakamakonsa, domin a cewarsa na'ura ma takan tashi da ɓacin rai. Shekara talatin da uku ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ba farfesa ba ne, ba dakta ba ne. Ɗalibai da yawa sun yi digiri na biyu da na uku a kan teburinsa, amma sunansa ba ya kan bangon kundin ko ɗaya daga cikinsu.

Sunana Zakariya Shago. Manomi ne ni a Gidan Shago, wani ɗan ƙauye tsakanin Kunci da Watari, kuma karatuna a firamare ya tsaya. 'Yata Jemima ita ce ta farko a zuriyarmu da ta shiga jami'a. Da ta gama digirin farko ta ce za ta koma ta yi na biyu a injiniyancin muhalli. Na tambaye ta ko na farkon bai cika ba ne. Ta yi dariya, ta ce wannan bincike ne: za ta auna ruwan rijiyoyi shida na ƙauyenmu, rani da damina, duk bayan sati biyu, ta gano ko takin zamani da ƙazantar da ruwan sama ke kwasowa suna shiga abin da muke sha.

Na rani da kanta ta ɗiba. Ana shiga damina babur ya kayar da ita a Kano, ƙafarta ta karye. Tana iya tsayawa da sanda a ɗakin gwaji, amma ba ta iya taka caɓin hanyarmu. Sai ta roƙe ni in riƙa cika mata kwalaben, in sa su cikin kula mai riƙe sanyi tare da ƙanƙara, in bai wa Tahir direba mai zuwa Kano. Ta kafa mini dokoki: kada in wanke kwalba, kada yatsana ya taɓa bakinta, in rubuta sunan rijiya da lokaci.

A bakin Tahir na fara jin sunan Malam Kamaruddeen. Ya ce mini, "Baba Zakariya, duk masu karɓar saƙo sai na kira su sau biyar. Wannan dattijon kuwa a tsaye nake tarar da shi a tasha. Sai ya tura hannu cikin kular ya ji ƙanƙara tana nan, sannan ya tuna ya yi mini barka da hanya." Ba aikinsa ba ne zuwa tasha. Ya ga yarinya da sanda ne, ya ɗauke mata.

To, ga abin da na yi. A watan Yuni ruwan rijiyoyinmu ya fara yin ja, kamar kowace shekara. Na ɗaga kwalbar farko, na ga sunan ƙauyenmu a jikinta da ruwa kamar an dama ƙasa. Matata Iyatu ta kalle ta ta ce, "Wannan za a ajiye gaban manyan malamai a ce ruwan gidan su Jemima ne?" Mu Kiristocin ƙauye mutane ne da aka daɗe ana cewa ba su san tsabta ba. Ina yaro akwai masu ƙin shan ruwa a ƙwaryarmu a kasuwa. Saboda haka na yi abin da kowane gida ke yi wa ruwan baƙo. Na zuba shi a bokiti, na kaɗa masa alif, farin dutsen nan mai sa datti ya kwanta, na jira ya yi garau, na tace da farin ƙyalle, sannan na cika kwalaben. Ban karya dokar Jemima ko ɗaya ba. Sau takwas na aika ruwa a haka, ina jin daɗin kaina.

A ƙarshen Satumba ta kira ni da rana. "Baba, sun ce ƙirƙirar lambobin na yi."

Dakta Ramlat, malamar da ke duba aikinta, ta ga rijiyoyi shida, wasu a fadama wasu a tudu, duk sun ba da sakamako kusan iri ɗaya, kuma wai ruwan tsakiyar damina ya fi na rani haske. Ta ce babu rijiyar da ke yin haka. An sa kwamiti zai zauna bayan kwana goma. Idan suka tabbatar, korarta za a yi, kuma sunan maƙaryaciya zai bi ta duk inda ta nemi aiki. Abinci ya daina shiga mini. Duk da haka, ko sau ɗaya hankalina bai kai kan alif ba, don a wurina tsabta na yi.

Daga baya Jemima ta ba ni labarin abin da ya faru a can. Kowa ya ja baya da ita, har abokan karatunta. Malam Kamaruddeen kaɗai ya ciro ragowar ruwan daga firij, ya sake auna shi da hannunsa, ya samu abin da ta samu. Ya lura da wani farin gari-gari a gindin kwalba biyu. Ya je ofishin Dakta Ramlat ya ce, "Dakta, na ga masu ƙirƙirar lamba da yawa. Ba sa zuwa ƙarfe bakwai da karyayyar ƙafa. A ba ni Asabar ɗaya."

Ranar Asabar ya sauka daga motar Tahir a bakin kwalta, ya naɗe ƙafar wando, ya tako kilomita huɗu cikin caɓi. Dogo ne siriri, da furfura a gemu. Muka shimfiɗa masa tabarma, Iyatu ta kawo ruwa a kwanon sha. Ya kalli ruwan, ya sha, ya yi godiya.

"Inna, wannan na wace rijiya ne?"

"Ta bakin coci."

"Yanzu na wuce ta. Na ga ana jawo ruwa kamar kunu."

"To, Malam, wa zai ba baƙo wancan?" in ji Iyatu.

Malam ya ajiye kwanon. Ya juyo gare ni ya ce yana so in ɗebi ruwa a gabansa, yadda na saba yi wa Jemima, kada in tsallake komai. Muka je rijiyar. Na ja guga, na zuba a bokiti, na ciro alif daga aljihu na kaɗa. Yana tsaye, hannuwansa a baya. Ya bari na jira, na tace, na cika kwalba, na rubuta lokaci. Na miƙa masa ina sa ran yabo.

"Baba Zakariya, sau nawa ka yi haka?"

"Duka takwas ɗin."

"Har da rijiyar fadama?"

"Ita na fi kaɗa wa. Ta fi kowace muni."

Ya cire hularsa, ya shafa kai, ya ce, "Alhamdu lillahi. Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka kawo mata ta auna, kuma daidai ta auna shi." Sannan ya yi mini bayani a hankali, cewa dattin da nake kwantarwa in zubar, shi ne abin da aka tura ta nema. Ya ce, "Jan ruwan nan da kake jin kunyarsa, shi ne karatun 'yarka."

Na zauna a bakin rijiyar. Iyatu ta ce ita ta sa ni, kada a ga laifina ni kaɗai. Na gaya masa dalilinmu, har da zancen ƙwarya a kasuwa, abin da ban taɓa gaya wa wani Musulmi ba. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ni ɗan Ɗanbatta ne. Rijiyar gidan mahaifina ta fi wannan ja a Agusta. Ruwan sama ba ya tambayar addinin mai rijiya."

Malam, kai ne ka ga dattijo ya rusa aikin 'yarsa da hannunsa, ba ka ɗaga masa murya ba. Kai ne ka zauna kusa da ni a bakin rijiyar har numfashina ya dawo, sannan ka ce, "Yanzu sai mu je mu faɗa musu. Ka taho da dutsen nan naka."

Ranar zaman kwamiti na shiga ɗakin gwajin nan a karon farko. Malamai biyar suna zaune, Jemima na gefe da sandarta, ba ta ɗago ta kalle ni ba. Malam Kamaruddeen ya ajiye jarkar ruwan da ya ɗebo daga rijiyarmu, ya raba shi biyu. Rabi ya auna yadda yake. Rabi ya ba ni ya ce in yi masa irin aikina. Na kaɗa alif, na tace. Ya auna, ya ɗora sakamakon kusa da takardar Jemima. Lambobin wanda na tace da nata suka zo kusan ɗaya.

Sai ya ƙara wata magana da ba wanda ya nema daga gare shi. Ya ce, "Ni ma ina da laifi. Tun kwalaben Yuli na ga haskensu ya yi yawa, na ce wataƙila rijiyoyin ne masu kyau, na yi shiru. Da na yi tambaya a lokacin, da ba mu zo nan ba. A rubuta har da wannan."

Shugaban kwamitin, wani farfesa mai ƙiba, ya cire tabarau ya dube ni. "Baba, mu shekara ashirin muna neman yadda za a gyara ruwan ƙauye. Kai ka gyara rijiya shida cikin wata huɗu, a kan takarda." Aka yi dariya, ni ma na yi, idona da ƙwalla. Dakta Ramlat ta taso ta dafa kafaɗar Jemima, ta ba ta haƙuri a gaban kowa. An wanke ta. Sai dai aikin damina ya lalace, dole ta jira wata daminar ta sake. Shekara guda na ci mata.

Sati uku Jemima gaisuwa kawai take yi mini a waya. Ba ni na gyara wannan ba. Ita ta faɗa mini cewa wata safiya suna wanke kwalabe Malam ya ce mata, "Injiniya, kin ba mahaifinki dokoki uku, bai karya ko ɗaya ba. Kin gaya masa dalilinsu?" Ta ce ba ta gaya mini ba. Ya ce, "To ki koyi wannan, ba ya cikin manhaja." A ranar ta kira ni muka yi hira har katin wayarta ya ƙare.

Da damina ta dawo, ƙafarta ta warke, da kanta ta riƙa ɗiba. Sau uku Malam ya rako ta. Ya sa ta tara matan ƙauye a bakin rijiya ta yi musu bayani da Hausa abin da take nema da dalilinsa. Idan ta zame cikin Turanci sai ya yi gyaran murya, matan su fashe da dariya. Wannan karon ruwan ya tafi Kano da jansa. Bincikenta ya nuna rijiyoyi biyu na fadama suna ɗaukar ƙazanta sosai da damina. Mun yi gayya mun ɗaga bakinsu da siminti, mun toshe wani tsohon masai da ke kusa da ɗaya.

Ranar Alhamis da ta wuce Jemima ta kare kundinta, ta ci. Yanzu har ta fara zancen digiri na uku, kuma gabana ya soma faɗuwa tun yanzu. Na ce mata duk abin da za ta auna, ta bar ni da gonata.

A cikin kundin akwai layi ɗaya da ta gode wa Malam Kamaruddeen. Na ga layi ɗaya ya yi kaɗan, shi ya sa na rubuta wannan. Ina roƙon masu aiki a ɗakunan gwaji da ofisoshin makarantu, waɗanda takardun 'ya'yanmu ke bi ta hannunsu: idan lissafin ɗalibi ya ƙi yin daidai, kafin a sa hannu a ce ya yi ƙarya, wani ya tashi ya je ya gani da idonsa. Yawancin yaran nan daga gidaje irin nawa suka fito, inda iyaye ke son taimakawa ba su san yadda ake yi ba. Ku kuma ɗalibai, ku san sunan mutumin da ke wanke muku kwalabe, ku gaishe shi, ku saurare shi.

Malam Kamaruddeen, mai haƙurin bincike, kai ne ka tsaya wa yarinyar da ba ka haɗa komai da ita ba, ka mayar mata da sunanta, ka mayar mini da 'yata. Ni da Iyatu da mutanen Gidan Shago muna gode maka. Allah ya ba ka hutu cikin lafiya, ya sa 'ya'yanka su sami mai tsaya musu a ranar da ba ka kusa. Tun daga ranar da Jemima ta kira ni ta ce ana zarginta da ƙarya, sai a makon nan na ci tuwo na ji ɗanɗanonsa. Na gode.