Gyaran da Malam Bukar Ya Jira Shekara Ashirin

Na Allah muke, kuma wurinSa makomarmu take. Ranar Litinin, sha biyar ga Safar, wadda aka ce mini ita ce talatin da ɗaya ga Mayu, 1999, kwana biyu da saukar sojoji daga mulki, Allah Ya karɓi ran Malam Bukar na Zaitawa, tsohon malamin asibiti, bayan jinyar wata uku. Ina kwata a Ƙofar Mazugal ina fiɗa aka zo aka faɗa mini. Na ajiye wuƙa, na wanke hannu. Da la'asar muka kai shi.

Ni ne Ashafa mahauci, na Mandawari. Ban yi boko ba. Da ajami na rubuta wannan, na bayar a mayar da shi boko, na kuma ce kada a taɓa mini ko kalma ɗaya. A unguwarmu ni ake tambaya shekarar da aka haifi wane, da shekarar da katangar gidan wane ta faɗi, kuma ba a taɓa kama ni da kuskure ba. Amma akwai labari ɗaya da na yi shekara ashirin ina ba da shi a karkace. Kai kaɗai ka sani, Malam Bukar, ga shi kuma ka tafi.

Allo ɗaya muka yi da kai. Kai aka sa ka boko, ni aka ba ni wuƙa. Alherinka ba sai na ƙirga ba, mutanen Zaitawa da Mandawari sun fi ni baki. Shekarar sanƙarau gida-gida ka bi da kekenka, har gidajen da 'yan'uwa suke tsayawa daga zaure. Wannan babban yatsan nawa na hagu, kai ka ɗinke shi ranar da gatari ya kuskure ƙashi, kana ɗinki kana cewa, "Ka yi shiru mana, ragon ma da ka yanka bai yi wannan ihun ba." Na aiko maka da cinya guda, ka sa aka kai wa wata gwauruwa a bayan gidanka.

To, sai maganar Tani.

Tani 'yata ce. Tana da wata goma sha huɗu uwarta Hajo ta sami ciki, aka yaye ta da gaggawa, don mun gaji cewa nonon mai ciki yana ɓata yaro. Aka ɗora ta a kan koko. Safe koko, rana kunu, yamma koko. A gidanmu kuwa akwai doka tun daga kakana: yaro ba ya ɗanɗana nama ko ƙwai sai ya yi wayo. Cewa ake ɗan mahaucin da ya san daɗin nama tun yana rarrafe, hannunsa ba zai tsaya ba, daga faifan ubansa zai fara, ya ƙare a faifan mutane. Ni a haka aka rene ni.

Da damina ta yi nisa sai Tani ta ciko. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul, ciki ya tasa. Gashinta ya yi ja, ta daina wasa, amma ni cikowar nake gani. Har ɗaga ta nake a ƙofar gida ina cewa ku ga 'yar mahauta.

Wata rana ka biyo a kan keke, ka tsaya. Ka karɓe ta, ka danna ƙaurinta da yatsa. Da ka ɗaga, gurbin yatsan ya zauna, bai ciko ba.

"Ashafa, me yarinyar nan take ci?"

"Koko da kunu. A gidana ba a kwana da yunwa."

"Nama fa? Wake? Ƙwai?"

"Ka san dokar gidanmu."

Sai ka kwantar da ita a kan tabarma, ka kamo hannuna ka sa a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Ka ce, "Kai ne masanin hanta. Me ka ji?" Na ji ta, Malam Bukar. Ta sauko ta wuce inda ya kamata ta tsaya da kamar yatsa uku.

Ka ce wannan ba ƙiba ba ce, tamowa ce. Ruwa ne a ƙafafun, hantar kuma kitse ne ya cika ta. Da ka ga ban gane ba sai ka yi mini da yaren kasuwa. Ka ce hanta kamar kwata take, kitse kuma kaya ne da dole a fitar da shi zuwa sassan jiki. Masu fitar da shi 'yan dako ne, jiki kuwa da nama da wake da ƙwai da nono yake ƙera su. Koko yana ta kawo kaya, ba ya kawo 'yan dako. Sai kayan su taru a kwata har ta toshe.

Akwai mutane a zaure, kusan shida. Na ce, "Kai Babarbare, shekara talatin ina fiɗa. Kitse a jikin ƙosasshe yake. Yunwa ce za ta haifi kitse? A wane littafin Nasara ka karanto wannan?"

Suka yi dariya. Dariyar nan ita ta ɗaure ni, don bayanta ban iya komawa baya ba. Ka ce a kai ta asibiti, na ce ba inda za a kai ta. Washegari ka kawo ƙwai shida a cikin hularka, na mayar maka da su har gida. Hajo ta yi kuka, na ce mata maganar ta ƙare.

Ranar Litinin da sojoji suka miƙa mulki a 1979, da hantsi, kowane shago rediyo na tashi, mutane na ta murna, Tani ta cika a cinyar uwarta. Kai ka ɗauke ta a hannu daga ƙofar gida har maƙabarta. A hanya ina jiran ka ce wani abu. Ba ka ce ba. Da aka rufe ta ka ba ni hannu, ka ce, "Allah Ya sa mai ceto ce." Shi ke nan.

Bayan kamar mako biyu aka kawo mini wata tunkiya ramammiya mai tsohon ciki, ta kasa tashi, aka yanka ta don kada ta mutu mushe. Haƙarƙarinta a waje. Da na buɗe ta, ga hanta ta kumbura, ta yi launin ɗorawa, wuƙa ta fito da maiƙo. Na zauna a ƙasa. Ba ranar na fara ganin irinta ba. A shekarun fari na ciro irin wannan hanta ba adadi daga dabbobin da yunwa ta kayar, ina wurga su gefe. Ashe abin da ka gaya mini, hannuna ya riga bakinka saninsa.

Tun ranar ban ƙara cin hanta ba. Kuma har yau, in na danna tsoka da yatsa don in gwada ta, sai in tsaya ina jiran gurbin ya ciko.

Amma ban zo na faɗa maka ba. Duk wanda ya tambayi abin da ya kashe Tani, sai in ce nonon ciki ta sha.

Kai kuwa sai ka koma mai sayen nama a wurina. Kowace Juma'a da safe kana gaban faifaina. Na san inda naman yake zuwa: matarka Hajiya Aisa tana dafa shi da wake da dakakken ƙuli-ƙuli a wata babbar tukunya, matan unguwa su zo da 'ya'yan yaye, kana duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Yara nawa ne suka tashi da tukunyar nan, Allah kaɗai Ya sani. Wasu cikinsu jiya su suka ɗauki makararka.

In na gama yanka maka, sai ka dube ni ka ce, "Gyara fa, Ashafa."

Kowane mai saye yana neman gyara, a ɗan ƙara masa yanka ɗaya a kan abin da ya saya. Sai in ɗora maka tsoka, wani lokaci ta fi abin da ka saya yawa. Ka ce, "Sarkin taurin kai, an gode." In ce, "Babarbare, ka gai da gida." Ban taɓa sanin ko gyaran nama kaɗai kake nufi ba. Ni dai kowace Juma'a ɗayan gyaran nake ji, kuma kowace Juma'a da wuƙa nake amsawa.

Mako guda kafin rasuwarka na zo duba ka, da niyyar in faɗa. Na tarar ka rame, kana jingine da matashi. Ka ce, "Ashafa, sojoji za su sake tafiya." Na ce haka na ji. Ka ce, "Shekara ashirin ke nan." Mu biyu mun san abin da aka ambata. Ka dubi hannuna ka yi murmushi, ka ce, "Yau ba gyara?"

Na ce, "Yau Litinin ce, Malam. Sai Juma'a."

Juma'ar ta zo ba ka gane mutane.

To, ga shi yanzu, a rubuce, mutanen Mandawari da Zaitawa su zama shaida, har da waɗanda suka yi dariya a zaurena in akwai mai sauran rai. Ajali na Allah ne, ban yi musu ba. Amma sababin mutuwar Tani ba nonon ciki ba ne. Rashin nama ne, a gidan da nama yake kwana a rataye. Malam Bukar ya faɗa mini da lokaci, ya sa hannuna a kai, na ƙi. Shi ne mai gaskiya. Wanda ya ji ɗaya labarin daga bakina, ya goge shi.

Allah Ya jiƙanka, Malam Bukar. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa yaran da ka ciyar su zama hujja a gare ka. Allah Ya haɗa ka da Tani a Aljanna, ta riƙe hannunka kamar yadda ka riƙe ta. Ni kuma Allah Ya yafe mini, Hajo ma ta yafe mini.

Ina yi wa Hajiya Aisa ta'aziyya, da 'ya'yansa Mustapha da Hafsat, da dukan dangi da jama'ar Zaitawa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Roƙona ɗaya ne, Hajiya: kada a kife tukunyar nan. Ranar Juma'a da safe zan zo da kaina, kuma ba sai an ce mini gyara ba.