Na'urar da Ba Ta San Sujada Ba

Che Jafali Makwinja ya shiga aikin gonar shayin da ke gindin dutsen Mulanje yana da baƙin gashi, ya bar ta da furfura da ƙafa ɗaya. Aikinsa kula da injin ruwa a bakin madatsa, can cikin kwari, inda daga safe har la'asar ba ya ganin kowa sai birai. Ɗan ƙabilar Yao ne, Musulmi, ga tsabta: injinsa ya fi kwanon tuwon wasu sheƙi.

A da, kowane ɗakin inji yana da guntun ƙarfen dogo rataye a bishiya. Rana na take tsaka mai inji zai buga, na gaba da shi ya amsa, har ƙarar ta isa ofis. Wanda bai amsa ba, maƙwabcinsa ya ajiye komai ya gangara ya duba shi. Haka ake yi tun zamanin iyaye, kuma ba a taɓa barin mutum kwance ba. Sai aka rage ma'aikata, aka kwance ƙarafan, aka kawo na'ura.

'Yar ƙarama ce, ana maƙala ta a aljihun ƙirji. Shugaban ma'aikata, Mista Kachingwe, ya ce in mutum ya faɗi ya ɗan jima bai miƙe ba, da kanta za ta yi kuka a ofis, ofis ya kira ta cikinta, in ba a amsa ba a turo mota.

Ranar farko Che Jafali ya ta da sallar azahar. Shi kuwa mutum ne mai doguwar sujada. Goshinsa na ƙasa na'urar ta tsala ihu, muryar Limbani mai karɓar kira ta fito daga ƙirjinsa: "Che Jafali! Lafiya? Ka amsa!" Mai salla ba ya amsa kowa. Yana sallamewa sai ga mota ta gangaro a guje.

Da abin ya yi ta maimaituwa, Mista Kachingwe ya kira shi.

"Dattijo, man motar nan kai za ka riƙa saya? Ka cire ta in za ka yi sallarka mana."

"Ranka ya daɗe, ku kuka ce kada ta bar jikina ko bayan gida zan shiga. In na cire ta na faɗi wajen alwala fa?"

"To ka gajarta sujadar."

"Wannan ba da kai muka yi yarjejeniyar ba."

Ya roƙi a ƙara mata haƙuri kaɗan kafin ta yi kuka. Aka ce sai masu saita na'urar sun zo daga birnin Blantyre. Ba su zo ba. Maimakon haka abin ya zama abin dariyar ofis: na'ura na kuka da rana, sai a ce liman ya hau aiki.

Wata rana da damina, dab da azahar, ya sauka ramin inji zai ɗaure wani bututu da ke yoyo. Santsi ya kwashe shi daga tsani. Ya faɗa kan ƙarfe, ƙashin ƙaurinsa ya fasa fata ya fito, haƙarƙarinsa ya bugu har numfashi ya gagara. Na'urar ta yi aikinta, ta yi kuka kamar yadda aka alkawarta. Ya ji sanyi a ransa. Sai ga muryar Limbani, baki cike da abinci:

"Liman, a sa mu a addu'a! Ka roƙa mini mata mai haƙuri."

Che Jafali ya ji wasu suna dariya a bayan Limbani. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Aka kashe kiran.

Ya kwanta cikin ruwan dauɗa da baƙin mai yana kallon reshen da ƙarfen dogo yake a da, ta ƙofar da ya bari buɗe. Da la'asar ta wuce bai dawo ba, matarsa Abiti Sumani ta rufe tuwon masara ta gangara da kanta. Ita ta hau tudu tana kururuwa har masu tsinkar shayi suka zo suka ɗauko shi a kan ƙyaure. A asibiti likita ya ce an makara da ƙafar.

Mista Kachingwe ya je dubiya da buhun sukari. Abiti Sumani ta tare shi a bakin ƙofa.

"Koma da shi, ka kai wa mai neman mata. Kun rataya wa mijina abin da zai kira ku, ya kira, kuka yi dariya!"

Ba a kori kowa ba. Mutanen Blantyre har yau ba su zo ba. An dai ɗauki sabon mai inji, kuma tambayar farko da aka yi masa ita ce ko yana salla.

Che Jafali yana nan da ransa. Kullum yana sahun gaba a masallacin ƙauyensu, sandunansa jingine da bango. A kan kujera yake salla yanzu, goshinsa ba ya kai wa ƙasa.