Ranar da Na Saki Kamyon Taubashina

Shekara bakwai na yi a wurin awon manyan motoci, bakin kwalta, kusa da Dogon Dutsi. Aikin ba wuya. Kamyo ya hau sikeli, na'ura ta ɗauki lambarsa da nauyinsa, ta fito da tarihinsa a ordinatar, wato kwamfuta: sau nawa aka kama shi da lodin wuce kima, me masu duba birki suka rubuta a kansa. In ta nuna ja, sai in ɗaga wa jandarma hannu a ajiye motar gefe. Direbobi sun tsani na'urar nan, ni ma sun haɗa da ni, ko a jikina. An san ni da taurin kai, har wani babban ɗan kasuwa na taɓa sa wa an sauke buhu arba'in a rana tsaka.

Wata Laraba da hantsi sai ga taubashina, ɗan gwaggona, da siminti zai kai Sukukutane. Yana hawa sikeli ta nuna ja. Lodi ya yi yawa, kuma sau biyu ana rubuta cewa birkinsa na son gyara.

Ya faɗo biro, ɗan ofishinmu, yana dariya, ya ɗauke kofin shayina ya shanye, ya cire mini hula ya ɗora a kansa. Wai tun yaushe bawa ke tsare ubangidansa a hanya? A wurinmu ba a ɗaure wa taubashi fuska. Ya zage ka, ka rama, a yi dariya. In na ajiye shi, har Sallah mai zuwa dangi na ba da labarina.

Na dai ce masa, "Birkinka hwa, an rubuta shi sau biyu."

Ya ce, "Wagga na'ura taku ta taɓa tuƙa mota?"

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, abin da ke cin raina ke nan har yau. Na karɓe hulata, na rufe shafin, ban ɗaga wa kowa hannu ba.

Bayan la'asar aka kira ni. A wata gangara birki ya ƙi, motar ta kife, siminti ya danne shi. Kafin in isa har an kai shi makwancinsa.

Kwana uku ina zaman makoki a ƙofar gida, na kasa shiga ciki. Ran na uku gwaggo ta aiko a kira ni. Na shiga, na ɗauka ta ji komai. Ta kama hannuna, ta ce ya buga mata waya daga hanya yana ta raha, wai saura kaɗan a tsare shi, ni na sake shi.

Ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗana. Ka riƙe zumunci har ranarshi ta ƙarshe."

Na ce amin. Bara ta rasu, ban gaya mata ba.