Tambayar da Aka Yi Mini a Kasuwar Suki

Cikin shekarun da na yi ina tuƙa motar kulliya a Sinnar, akwai wata safiyar Alhamis, kafin yaƙi, da har yau ba ta bar raina ba.

Ku da kuka san ni kun san aibina. Bakina ba ya riƙe magana. Duk Juma'a nakan koma ƙauye da labarin ɗaliban garinmu: wane ya rame, wance ta faɗi jarrabawa. Iyaye na jin daɗi, ni ma ina jin kaina wani abu. Allah Ya yafe mini.

Ran nan Ustaza Nafisa, jami'ar da ke kula da matsalolin ɗalibai, ta shigo mota da wata ɗaliba. Na san yarinyar, gonar mahaifinta na maƙwabtaka da tamu. Wani ɗan ajinsu ne ya yi mata fyaɗe. A hanya na ji Ustaza tana yi mata bayanin tsarin aiki. Likita ne farko, saboda akwai magungunan da ba sa jira. Bayan haka tana iya kai ƙara ga 'yan sanda, ko ga kwamitin kulliya, ko ta zauna da mai ba da shawara kawai.

"Gida fa?" in ji yarinyar.

"Ke za ki faɗa musu, ranar da kika shirya."

Yarinyar ta dube ni ta madubi. "Kawu Isa."

Ta san halina.

Washegari mahaifinta ya tare ni a kasuwar Suki, wajen masu albasa.

"Isa, an ce an ga ɗiyata a motarka bakin asibiti."

"Motar kulliya kullum tana asibiti, Yaya."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Me ya same ta?"

"Ba na faɗin wanda na ɗauka."

Ya yi dariya. "Kai? Rediyon gari? Yaushe ka tuba?"

Maganar tana kan harshena. Na san in na faɗa, kafin magariba dattawa za su zauna, dangin yaron su zo ban haƙuri, a sha shayi a rufe zance, ita kuma a ɗauke ta daga karatu. Babu wanda zai tambaye ta abin da take so.

Na ce, "Jiya na tuba."

Ya janye hannunsa daga nawa ya tafi.

Bayan girbin dawa ta je gida tare da Ustaza, ta faɗa da bakinta, sannan ta shigar da ƙara. Kulliya ta kori yaron. Ita ta gama karatunta.

Ku sababbin direbobi, abin da na koya ke nan: wanda ya shiga motarku, labarinsa nasa ne, ko da ɗan unguwarku ne. Mahaifinta har yau ba ya sakin fuska da ni. Amma in sauran 'ya'yansa za su dawo kulliya, motata yake sa su jira.