Dakalin Baba Abdulbaƙi

Duk wanda zai sayi gida a cikin birnin Kano, kafin ya tambayi yawan ɗakuna, kafin ya tambayi ko akwai rijiya, tambayarsa ta farko ita ce: mota tana shiga? Malam Muttaka dillali ya shekara talatin yana amsa wannan tambaya, har ta kai ko gaisuwar mutuwa ya shiga lungu, sai ka ga idonsa yana auna tsakanin bango da bango.

Ba da gidaje ya fara ba. Kakansa da shanu ya shigo birni, ubansa dillalin shanu ne, a wurinsa ya koyi kallon bijimi ya faɗi kuɗin da zai yi kafin Babbar Salla. Da shanun suka ƙare sai ya mayar da idon kan gini, idon kuwa bai ba shi kunya ba. Shi ya ce wa wasu mutane a wajen Ƙofar Ruwa kada su saki kangayensu, 'yan kasuwa na nan tafe neman wurin ajiye kaya. Aka yi masa dariya, daga baya masu dariyar suka koma cizon yatsa. Shi ya ce gidajen wani lungu a Dukawuya za su faɗi saboda kwatar da ke ambaliya duk damina, suka kuwa faɗi. Tun daga nan ake jin maganarsa kamar yankan wuƙa, shi kuma, in za a faɗi gaskiya, abin ya ɗan hau masa kai. Ya daina cewa "ina tsammani", ya koma cewa "ku rubuta ku ajiye".

Bakin nan nasa shi ya ja masa abin da ya hana shi sukuni.

Yana da ƙanwa, Luba, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata uku da gidan ƙasa a ƙuryar wani lungu a Soron Ɗinki. Shekara biyu da suka wuce wani ɗan kasuwa, Alhaji Isiyaku, ya taya gidan. Luba ta so ta sayar, ta koma bayan gari ta sami ɗan ƙaramin ginin bulo inda ba sai an yi yaɓe duk shekara ba. Muttaka ya hana ta. Ya ce ta yi haƙuri kaɗan, gidan nan sai ya ninka kuɗinsa. Ba ta tambaye shi dalili ba, don ba ta saba musu da yayanta ba, shi ma bai faɗa mata ba, domin dalilin ba na faɗa ba ne.

Lungun kansa yana da faɗi, mota za ta bi shi har ƙofar Luba ba tare da ta gogi kowa ba. Bakinsa ne kawai ya tsuke, kuma abin da ya tsuke shi dakali ne, na ƙofar gidan Baba Abdulbaƙi, wani tsohon maɗinkin huluna da ya haura tamanin. Ubansa ne ya gina dakalin, a kansa ya koyi riƙe allura, a kansa yake wuni har yau ko da yake ido ya daina ganin zare. Mutanen lungu sun taɓa tura masa dattawa a kan ya bari a fasa, ya ce a ƙyale shi. Amma Muttaka ya san 'ya'yan tsohon, ya san babbansu yana ajiye motarsa can bakin titi yana ƙunƙuni. Ranar da tsohon ya rufe ido, ba za a yi sadakar arba'in da dakalin nan a wurin ba. Lissafin ke nan gaba ɗayansa, kuma a ilimin dillanci babu kuskure a cikinsa.

Sai dai tsohon bai bi lissafin ba, ya ci gaba da shan furarsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. A ta biyun bangon ɗakin da 'yan matan Luba suke kwana ya tsage tun daga sama har kusa da tushe, magini ya liƙe ya ce shi bai yi alkawarin baɗi ba. Ga baɗin ta zo, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Alhaji Isiyaku kuma ya aiko cewa ya ga wani gida, in ba a ba shi amsa zuwa Juma'a ba zai kai kuɗinsa can.

Muttaka ya rame. In ya ce ta sayar, wataƙila a wata mai zuwa dakali ya tafi, ya zama ya sa marayu sun yi asarar rabin dukiyarsu. In ya ce ta jira, bango ba ya jin maganar dillali. Duk sanda iska ta kaɗa da ƙanshin ruwa sai ya tuna bangon. Akwai kuma abin da ya fi wannan cin ransa. Da azumi Baba ya kwanta ciwo, Muttaka ne na farko da ya kai masa lemo. Bayan kwana goma aka ce masa ai Baba ya miƙe har ya fito dakali, ya ce alhamdu lillahi da baki, amma ya ji abin da zuciyarsa ta yi, kuma ba murna ba ce. Ranar bai iya cin abin buɗa baki ba. Mutumin nan fa shi ya ɗinka masa hular da ya sa ranar ɗaurin aurensa.

Ran Laraba bayan la'asar ya nufi gidan Luba ba tare da ya san abin da zai ce mata ba. Ya tarar da Baba a kan dakali, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi jiki kamar kullum.

Baba ya ce, "Jiki da sauƙi. Zauna, Muttaka. Ƙafa nawa ne?"

"Na'am, Baba?"

"Daga gindin dakalin nan zuwa bangon can. Idona ya mutu, amma kunnena yana nan. Duk wanda ya gaishe ni wucewa yake yi. Kai kaɗai ne in ka miƙe sai ka tsallaka lungun a hankali, dunduniya a kan yatsa, sannan ka kama hanya. Shekara biyu ina jin takalminka."

Muttaka ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Sai ya ji kansa yana cewa, "Shida da rabi ne, Baba."

"In babu dakali fa?"

"Tara."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya shafa gefen dakalin inda zama ya sa ya yi santsi. Babu fushi a muryarsa, abin da ya fi yi wa Muttaka ciwo ke nan. Ya ce, "An gaya mini bangon ƙanwarka ya tsage. Ka kawo magini ran Asabar ya fasa. Zan sa a shimfiɗa mini tabarma a zaure. Ba na son in riƙa jin sallamarka ina tunanin me ka zo dubawa."

Muttaka ya tashi ya bi lungun. A hanya ya shirya yadda zai faɗi maganar a matsayin albishir: Baba ya yarda a fasa dakali, mota za ta shigo, a sallami Alhaji Isiyaku, kafin ruwa ya kankama za a sami mai saye da daraja. Haka kuwa ya faɗa, yana tsaye a tsakar gida, Luba tana kwashe shanya saboda hadari.

Ta dakata da zane a hannu. Ta ce, "Baba da ya kori dattawa a kan dakalin nan? Me ka ce masa, Yaya?"

"Ban ce masa komai ba. Shi ya gane."

"Ya gane me?"

Nan ya ga babu sauran wurin ɓuya. Ya faɗa mata duka, idonsa a ƙasa, tun daga ranar da ya hana ta sayarwa. Luba ta zauna a kan turmi. Iska tana ta kaɗa sauran kayan da ke kan igiya.

Ta ce, "Wato duk sallar da na yi shekara biyu ina roƙon Allah ya kawo ranar da ka ce, mutuwar Baba nake roƙo ban sani ba. Ni da nake dama masa kunu duk safiya."

"Luba, don yaran nan na yi. Kuma yanzu da ransa ya yarda, babu haƙƙin kowa."

"Ya yarda ne don ka kunyata shi ya ga ya daɗe a duniya. Ka kira Alhaji Isiyaku, na sayar yadda ya taya. Ba zan shigo da mota ta kan wurin zaman tsoho ba. Kuma kai za ka je ka ce masa ya bar dakalinsa, ni ba zan iya haɗa ido da shi ba."

Muttaka ya so ya gaya mata abin da take shirin yin asara, lissafin yana nan a kan harshensa, daidai yake kuma. Ya haɗiye shi. Ya sa takalmansa ya fito, yayyafi ya soma sauka. Ya tsaya a ƙofar gida yana duban bakin lungu, inda tsohon yake laluben sandarsa zai shiga gida saboda ruwa. Lungun ba shi da wata mafita sai ta gaban tsohon.