Sarakunan Baba a Wuta

Ranar wata Juma'a da zafi, shekarar da na shiga aji uku, Baba ya baje tsoffin tsabobin kuɗinsa a kan darduma a filat ɗinmu na unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa. Azurfa ce ta Turai ta zamanin da, siriri kamar ɓawon albasa, duk ta yi baƙi, gefe ɗaya kan sarki, ɗaya gefen gicciye. Tun kafin a haife ni yake tara su ɗai-ɗai, ko Mama ba ta isa ta taɓa ba. Ni kaɗai yake miƙa wa gilashin dubawa. Muna cikin haka Hajiya, mahaifiyarsa da ta zo daga Kano, ta fito daga ɗakin da ƙanena Sadiƙ yake kwance da zazzaɓi. Ta ɗauki guda, ta juya ta. "Gumaka a gidanka, Habibu, ga yaro kwance?" Baba ya ce tarihi ne kawai. Ta ajiye ta, ta koma wajen Sadiƙ.

Zazzaɓi ya ƙi sauka. Kullum in Baba ya tafi aiki Jebel Ali, sai in ga Hajiya tana jan carbi, idonta a kan durowar da akwatin tsabobin yake ciki. Ina wanke-wanke ina leƙenta. Rannan ta ce, "Maza, ɗauko mayafinki." Muka hau jirgin ƙasa na metro har lungunan Naif, wajen wani maƙerin azurfa, ta zube masa tsabobin Baba ta ce ya narka su. Mutumin ya yi ta roƙonta ya saya a yadda suke, ta ƙi. Ina tsaye fuskokin sarakunan suka narke.

Da yamma Baba ya buɗe akwatin, wayam. Ya juya ya ga sabon awarwaro a hannun Sadiƙ. Mama ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya durƙusa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya." Sadiƙ ya warke, Baba kuwa bai sake sayen ko guda ba.

Yanzu Hajiya ta riga ta rasu, awarwaron yana hannun ɗiyata, tsoffin tsabobi kuma ga su nan ana tallarsu a waya, sai wanda ka zaɓa. Na taɓa cewa zan saya wa Baba, ya girgiza kai. Amma duk sanda ya ɗauki jikarsa, ina ganin babban yatsansa yana shafa azurfar a hankali. Har yanzu fuskar yake nema.